An ce da ni ɗan sahara a tsakiyar Bahar Maliya

Abin bai taka kara ya karya ba, amma yau kwana tara ke nan yana ci min rai. Mun je Gardaƙa, garin da Turawa ke kira Hurghada, ni da iyalina da abokan aiki biyu, bayan tafiyar kusan awa shida a bas daga Alƙahira. Muka shiga jirgin da ke kai masu hutu kusa da tsibirin Giftun. Da jirgi ya tsaya aka ce kowa ya sauka ya ga kifi, sai wani ma'aikacinsu, yaron da bai wuce sa'an autanmu ba, ya tare ni a bakin tsani da rigar ceto ruwan lemo a hannunsa. Na ce masa na iya ruwa. Ya tambaye ni daga ina nake, na ce arewacin Najeriya. Ya yi murmushi ya ce, "Ya basha, ai can sahara ce. Saka kawai." A gabana wani tsohon Bajamushe mai tumbi ya faɗa ruwa tsulum, babu wanda ya miƙa masa komai.

Ni da na koyi iyo a Gulbin Rima, ƙasa kaɗan da gadar Kwalkwalawa a Sakkwato, na sha bulala a kansa har ban san iyaka ba.

Na saka rigar dai, don maiɗakina tana kallona kuma ba na son raini ya ƙaru a gaban yara. Kuma ba zan yi ƙarya ba, abin da na gani a ƙarƙashin ruwan nan ya kai a ba da labari. Ana ba ka tabarau mai rufe ido da hanci, da ɗan bututu da za ka ciza a baki ka riƙa numfashi fuskarka na cikin ruwa, da takalmin roba mai faɗi kamar ƙafar agwagwa. Kana kifa kai sai ka ga ƙasa tar, kamar kana leƙa randar da aka wanke yau. Duwatsun murjani ne birjik, wasu kamar reshen itace, wasu kamar ƙwaƙwalwar rago, kifaye kuma rawaya da shuɗi da masu zane kamar atamfa suna wucewa ta gefen kunnenka, ba sa ko tsoro. Dalilin wannan haske shi ne babu wani babban kogi da ke zuba laka a Bahar Maliya, ruwan sama ma ba ya yawa a yankin. Gishirinsa kuma ya fi na yawancin tekuna, shi ya sa ko ka saki jiki ruwan ke ɗaga ka.

A bakin gaɓa kuwa kasuwa ce sosai. Akwai babur ɗin ruwa da ake haya na 'yan mintuna. Akwai wata doguwar roba da aka hura, mai siffar ayaba, mutum shida ko takwas su hau kamar sun hau jaki, ƙaramin jirgi ya ja su da gudu, direban ya karya kwana da gangan duk su zube, suna ihu suna dariya, kuma kuɗi suka biya a yi musu haka. Akwai lema da ake ɗaura wa mutum, jirgi ya ja igiya har ya tashi sama kamar shirwa. Masu tsoron jiƙewa an yi musu jirgi mai gindin gilashi. Masu ƙarfin hali su goya tukunyar iska su nutse tare da malami riƙe da hannunsu. Arewa kaɗan, a El Gouna, iska ce ke jan mutane a kan ɗan allo. Garin nan fa ƙauyen masunta ne kafin otal-otal su mamaye shi daga shekarun 1980, yanzu Jamusawa da Rashawa ke cika shi ko a tsakiyar hunturu.

To amma ina tambaya, a cikin duk wannan, wane ne ya iya ruwa? Ruwa mai ɗumi, mai haske, mai ɗaga ka da kansa, ga riga a ƙirji, ga yaro a jirgi yana ƙirga kawuna. Wannan wanka ne mai tsada. A kai mutumin nan mai tumbi Rima a watan Satumba, lokacin da aka saki ruwa daga madatsar Goronyo, gulbi ya yi jawur ba ka ganin tafin hannunka, igiyar ruwa na jan ƙafarka ta ƙasa, mu ga ko zai kai gaɓar can.

Na so a ce yaron nan ya taɓa zuwa Argungu. Na san za a ce ai Kabi ce ba Sakkwato ba, amma jiha ɗaya muke har 1991, kuma bikin kamun kifin ma asalinsa ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai a 1934 ce, wadda ta rufe tsohuwar gabar da ke tsakanin Sakkwato da Kabi. Mutane sun fi sanin ranar kamun kifi a gulbin Matan Fada, dubban masunta da gora da homa. Ni kabanci ya fi burge ni: tseren kwale-kwale, kamun agwagwa, kamun kifi da hannu, nutso a ga wanda zai fi daɗewa. Babu tukunyar iska, babu tabarau. Huhun mutum ne da abin da ya gada. UNESCO ta saka bikin cikin kayan gadon al'adun duniya a 2016, amma ga ni tsaye a kan tsani ana gaya min garinmu rairayi ne.

Sai da muka koma masauki maiɗakina ta ce, "Abban Sadik, yaron nan fa aikinsa ya yi." Na yi shiru, domin na san inda za ta. A watan Afrilun 2022 jirgi ya kife a ƙaramar hukumar Shagari, mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara ne da matasa. A watan Agustan 2025 wani ya sake kifewa da mutum fiye da 50 a hanyar kasuwar Goronyo. Da akwai wani mai taurin kai irin yaron Gardaƙa a bakin waɗannan jiragen, yana ƙirga kawuna yana cewa ba riga ba shiga, da wasu gidajen ba su yi zaman makoki ba. Wannan na yarda, iya ruwa fid da kai, kuma mace mai goyo a jirgin da ya yi lodi fiye da kima ba ta da damar nuna gwaninta.

Sai dai ko a nan ban ga an yi mana adalci ba idan aka jera mu. Su ruwa wurin wasa ne, mai shiga ya zo da kuɗin Turai a aljihu, mai jirgi kuma ya san in mutum ɗaya ya nutse kasuwarsa ta mutu. Namu hanya ce. Wanda ya shiga kwale-kwale a Shagari itace zai je nema ko gona ko kasuwa, don babu gada kusa. Ba rashin hankali ne ya hana shi riga ba. Rigar ce ba a taɓa kai masa ba, kuma wanda ya kamata ya kai ta yana iya yiwuwa shi ma nan yake zuwa hutu da iyalinsa.

Abin da ya fi tsaya min ma ba yaron jirgin ba ne. Sadik ne, ɗana, mai shekara takwas, haifaffen Alƙahira. Ya yini cikin ruwa da rigarsa, ya fito yana ba ni labarin kifaye da Larabcin Masar. Da dare na nuna masa hoton Rima a waya, wanda ƙanina ya turo min da damina, ga masu kifi a gefen hanyar jami'a. Ya duba ya ce, "Abba, me ya sa ruwanku ya yi datti?" Ruwanku, in ji shi.

Na kira Inna washegari na gaya mata in mun zo hutun ƙarshen shekara zan kai shi gulbi ya koyi iyo na gaskiya. Ta ce, "Kai wanga yaro, har yau ba ka bar batun gulbin ga ba? Ka taɓa min jika ka gani." Dorinar da Baba ya riƙa dukana da ita tana nan rataye a zaure, ta ce, ba wanda ya sauke ta.