Ku Daina Cewa "Ai Ita Ta Zaɓa"

Assalamu alaikum ƙannena samari. Ranar Asabar ɗin nan na je suna a Yelwa, nan cikin Garwa. Bayan an shafa fatiha an raba goro, matasa suka koma gindin darbejiya ana dafa shayi. Sai wani ya karanto a wayarsa cewa abin da mata ke samu a wurin aiki bai kai na maza ba. Uban jaririn ya kwashe da dariya ya ce, "To laifin wa? Ai su suka zaɓa. Su ke gudun aiki mai wuya, su ke ajiye aiki su zauna gida." Wallahi raina ya ɓaci, don na san mai jegon da ke cikin gidan. Ta ci bak, jarrabawar kammala sakandare, ta yi makarantar jinya, ta fara aiki. A gaban manya aka yi alkawarin ba za a hana ta ba. Cikin fari bai kai wata biyar ba ya ce aikin dare bai dace da matar aure ba, ta ajiye. Yau ga shi a kan tabarma yana cewa ita ta zaɓa.

Wannan kalma ce ta dame ni, kuma ba a bakinsa kaɗai nake jin ta ba. Kai ka rufe mata ƙofa, ka sa kwaɗo, sannan ka fito majalisa kana cewa ba ta son fita. An bar jaki ana dukan taiki.

Maganar da yaron ya karanto ba ƙarya ba ce. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a rahotonta na 2018, ta ƙiyasta cewa albashin mata ya gaza na maza da kusan kashi 20 cikin ɗari. Akwai kuma wata malama a jami'ar Harvard ta Amurka, Claudia Goldin, wadda aka ba kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2023 saboda binciken wannan al'amari. Abin da ta nuna shi ne, saurayi da budurwa masu takarda iri ɗaya kan fara aiki da albashi kusan ɗaya, tazarar ba ta buɗewa sosai sai bayan haihuwar fari. Ayyukan da ke biya da tsoka su ne masu son mutum dare da rana, a kira shi ya taho, a tura shi ya tafi. A gida mai jariri dole ɗaya ya saki irin wannan aiki don ɗayan ya riƙe, kuma kun san wanda ake sa wa ya saki.

Ba sai mun je Amurka ba. A aikin gwamnatin Kamaru, malami da malama masu daraja ɗaya albashinsu ɗaya ne a takarda. Amma ku bi su shekara goma. An kira taron ƙara wa juna sani a Yawunde, da kuɗin tafiya da takardar shaida, shi ya hau mota zuwa Ngaundere ya kama jirgin ƙasa, ita maigida ya ce wa zai dafa tuwo. An buɗe konkur, wato jarrabawar gasa ta ƙarin girma, shi yana karatu bayan isha'i, ita tana jijjiga yaro mai zazzaɓi. An ba ta shugabancin makaranta a Gidar ko Figil, ya ce matarsa ba za ta kwana wani gari ba. Ƙarshenta shi ya zama darakta, ita tana nan ajin da ta fara, sai a ce mata ba su da buri. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Albashin da kake taƙama da shi, akwai gumin wadda ta tsare maka gida a cikinsa, ko ka faɗa ko ka yi shiru.

Kuma abin ba ya tsayawa a ƙarshen wata. Kafin CNPS, hukumar inshorar ma'aikata ta Kamaru, ta ba mutum fansho sai ya cika wata 180 ana zuba masa kuɗi. Wadda aka tsayar bayan shekara huɗu, ta koma, aka sake tsayar da ita, yaushe za ta cika? Ranar da miji ya rasu, ko ya miƙa mata takardar saki don ya ga wata a TikTok, sai ta wayi gari da yara biyar da difloma a ƙasan akwati. A lokacin ma za ku ji ana cewa ai ita ta zaɓa.

Ku ma masu makarantun kuɗi da shagunan magani ban manta da ku ba. Mace ta zo neman aiki, tambayar farko ita ce yaushe za ki yi aure, ta biyu ko kina da ciki. In an ɗauke ta sai a rage mata, wai ai mijinta ke ciyar da ita, nata kuɗin kwalliya ne. Wa ya gaya maka? Ka san bakin mutum nawa ke jiran kuɗin nan? Dokar ƙwadago ta 1992 ta ce aiki ɗaya, ƙwarewa ɗaya, albashi ɗaya, ba ruwanta da mace ko namiji. Ta ba mai ciki hutun mako 14, ta ba mai shayarwa awa ɗaya a rana har yaro ya kai wata 15. Tun 2023 mafi ƙarancin albashi a irin waɗannan wurare sefa 60,000 ne a wata. Kana sahun gaba a masallaci, kana cin gumin malama don ka san ba ta da inda za ta kai ka. Ka ji tsoron Allah.

Na san wani zai ce dokar 1981 ta ba miji damar hana matarsa sana'a idan ya ga za ta cutar da aure da yara. Tana nan, ban musa ba. Kuma macen da ta zauna ta yi tunani ta ce ita renon 'ya'yanta ta fi so, wannan babban aiki ne, ba mai raina ta sai jahili. Abin da na ƙi shi ne ka yanke hukunci kai kaɗai, ka ɗora mata, ka kira shi zaɓinta. In kai ka hana, ka ce ni na hana, ka ɗauki nauyin abin da ka hana ta samu. Ku zauna ku yi magana tun kafin a kai lefe, ku riƙe alkawari, ku taimaka a gida. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin takaici, wanda ya fi kowa ɗaga murya a kan wannan magana shi ne wanda rabin albashinsa ke ƙarewa a cacar ƙwallo. Ya san jadawalin wasannin Ingila da Sifen, bai san ranar rigakafin ɗansa ba. Shi ne kuma zai tayar da jijiyar wuya a asibiti wai namiji ba zai karɓi haihuwar matarsa ba, a nemo masa mace. Daga ina za a nemo ta, bayan kai ka cire ƙanwarka daga lise, wato sakandare, ka zaunar da matarka? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ni abin da ke ba ni kunya, iyayenmu da ba su yi boko ba sun fi mu sanin wannan. Kakanninmu mata suna cikin kulle, amma kowace da sana'arta: mai man gyaɗa da ƙuliƙuli, mai ƙosai, mai saƙa, mai kiwon tumaki. Kuɗinta nata ne, tana adashi, tana haɗa wa 'yarta kayan ɗaki kwano bayan kwano. Maigida kan ƙara mata jari bayan kaka, kuma in ya ranci kuɗinta sai ya biya, don kunya ce a ji a gari cewa wane ya ci kuɗin matarsa. Sun san Nana Khadija 'yar kasuwa ce, sun san Alƙur'ani ya ce maza suna da rabon abin da suka nema, mata ma suna da nasu. Ina wannan kunyar ta tafi? Na yanzu ya hana ta aikin asibiti, ta koma sayar da turare da atamfa ta waya daga cikin ɗaki, sai ga shi ya haddace lambar sirrin Orange Money ɗinta, yana cire kuɗin mai na mashin ba tare da ya tambaya ba.