Ashe nan ma wanda bai iya aiki ba shi ake ɗorawa

Duk mai cewa a ƙasar Turawa cancanta kawai ake bi, ya zo ya yi aikin sito a Ingila tukuna sai mu yi magana. Satin da ya wuce aka turo mana imel wai an ɗaga shugaban shiftinmu ya zama manajan sashe gaba ɗaya, mutumin da ko jadawalin aiki bai iya tsarawa ba, ranar da kaya suka fi yawa ranar zai sallami mutane hutu, manyan motoci su yi layi a waje direbobi na cika suna batsewa.

Siton a bayan garin Lesta yake, kamar a ce an rufe filin Murtala Square na Kaduna da kwano, ba taga ko ɗaya, lokacin sanyi ka shiga da duhu ka fito da duhu. Kowa da rigarsa mai ɗaukar ido da wata na'ura a hannu tana ƙirga kwali nawa ka ɗauka a awa, ko bayi ka shiga sai ta nuna. Akwai wata mata 'yar Folan da ta san kowane lungu na wurin, in layi ya tsaya ita ake nema, shi kansa ogan bayanta yake ɓuya. Ita ma ta nemi kujerar. To amma intabiyun nasu ba aiki ake dubawa ba, zaunar da kai za a yi a ce ba mu labarin wata rana da ka warware matsala, mai zaƙin baki ya zuba zance ya wuce, ita kuwa Turancinta bai nuna ba. Kuma na sama ba sa son mai gaya musu gaskiya a mitin, ɗan amshin Shata suke so. Tun 1969 wani malami ɗan Kanada, Laurence Peter, ya ce ana ɗaga mutum ne saboda aikin da zai bari ba wanda zai kama ba, har ya kai inda bai iya ba ya maƙale a nan. Namu ogan ko na bayan ma bai iya ba.

Na san za ku ce ai namu na Najeriya ya fi muni. Eh, akwai mai uwa a gindin murhu, akwai takarda daga sama, ga wanda zai kwana a ofis shekara uku ya hau mataki na gaba har ya kai darakta bai taɓa rubuta wasiƙa da kansa ba. Ban musa ba. Amma mu aƙalla ba ma yi wa abin kwalliya, kowa ya san yadda wane ya samu kujerarsa.

Kuma fa ogan Kaduna ko bai san aiki ba ya san mutane. In ya takura maka akwai dattijon da za ka tura ya same shi bayan sallar Juma'a, in ka shiga matsi ya ba ka rance kafin albashi. Da mahaifinmu ya rasu, ogan yayana bas guda ya ciko da ma'aikata daga Kaduna har Zariya, suka zauna kan tabarma aka yi addu'a da su. Ni nan fom aka turo min in cike, a ga ko hutun kwana nawa ya kamace ni, kuma wai in haɗo da takardar shaidar mutuwa. Wa ke neman takarda a Tudun Wada ranar da aka yi rashi don Allah?