Ƙauyen Holan da aka zana wa mutanen birni

Duk wanda ya kalli hotunan kewayen garin Harlem na ƙasar Holan da mai zane Claes Jansz Visscher ya buga a Amstadam wajen 1612 zai rantse babu inda ya kai ƙauyen Holan kwanciyar hankali: turba mai lanƙwasa, gida mai rufin ciyawa, matafiya biyu suna taɗi. A ganina ba don manomi aka yi su ba. Visscher da kansa ya rubuta a shafin farko cewa na waɗanda ba su da lokacin tafiya nesa ne, wato mutanen birni masu kuɗin saye. Ga shi mutane sun gaji da yaƙi: sojojin Sifaniya sun yi wa Harlem ƙawanya wata 7 daga 1572 zuwa 1573, sai 1609 aka tsagaita wuta.

Yadda ake aikin ma ya taimaka. Ana shafe farantin jan ƙarfe da haɗin kakin zuma, ƙaro da kwalta, a turara shi da hayaƙin kyandir ya yi baƙi, sannan a zana da allura. Kakin kawai allurar ke karcewa, asid ne ke cin ƙarfen a inda aka karce, daga baya a cika layukan da tawada a buga a takarda. Bishiyoyin nesa ana rufe su daga asid da wuri don layinsu ya tsaya siriri, na kusa a bar asid ya daɗe a kansu. In kakin bai kama sosai ba, asid ya kutsa ta ƙarƙashi, sararin sama ya fito da ɗige-ɗige. In kuma layuka sun matsu aka bar su suka daɗe, sai su haɗe, tawada ta kasa zama, inuwar da ake so baƙi ƙirin ta fito toka-toka. Hannu na yawo a kan kaki kamar alƙalami, shi ya sa tsohuwar jinka da katanga mai zubewa suke fitowa gwanin kyau.

Abin da ke damuna shi ne abin da aka bari a waje. A 1612 ɗin nan aka gama janye ruwan tafkin Beemster da injinan iska wajen 40, da kuɗin attajiran Amstadam, aka yanka ƙasar murabba'i-murabba'i don riba. Amma bayan shekara 30, shahararren mai zane Rembrandt tsofaffin bukkokin bakin kogin Amstel yake bi yana zanawa. Hannunsa ba na biyu, ban musa ba. Sai dai da wuya ka ci karo da ɗan ƙwadagon da ke wuni cikin fadama yana kwaso lakar ruɓaɓɓun ciyayi mai cin wuta, a busar, a kai birni a hura wuta, alhali da ita ake ɗumama ɗakunan masu sayen hotunan.