"Kwanansa ne ya ƙare" ba amsa ba ce

Tun jiya raina ke ɓace kan wani yaro da aka miƙa wa iyayensa gawarsa daga gidan yari a Kano. Kowa sai cewa yake Allah ya jiƙansa, kwana ne ya ƙare. Amin. Babu musulmin da ke musun ajali. Amma wa ya bincika?

Da ƙafarsa ya shiga, ko hukunci ba a yanke masa ba, jiran shari'a yake. Hukumar da ke riƙe da makullin ɗakinsa ita ce ta ce rashin lafiya ce, ita ce kuma za ta binciki kanta ta faɗa mana sakamako. Haba jama'a! Yaushe ya fara ciwon? Wane gandiroba aka gaya wa? An kai shi asibiti, ko sai da rai ya yi halinsa? Mutum nawa ke kwana a ɗakin?

Kar wanda ya ce mini babu doka. A 2019 Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da gidajen yari "gidajen gyaran hali", kuma ta ba shugaban hukumar gidajen na jiha ikon ƙin karɓar sababbin fursunoni idan gida ya cika. Akwai dokar hana azabtarwa ta 2017. Ƙa'idojin Mandela na Majalisar Ɗinkin Duniya kan yadda ake riƙe fursunoni, na 2015, sun ce duk mutuwar da ta auku a tsare a kai ta gaban hukumar da ba ta ƙarƙashin gidan yarin. To ina rahoton? Gidan yarin Kurmawa tun zamanin Turawa aka gina shi, aka yi ta zuba mutane a ciki, ga kuma na Goron Dutse. Akasarin fursunonin ƙasar nan ma kotu ba ta kama su da laifi ba tukuna.

Masu cewa ai ɗan daba ne, ku ajiye wannan. Ko da shi ne, alƙali ke yanke hukunci, ba zafin ɗaki da rashin magani ba. Annabi (SAW) ya ba mu labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Kyanwa fa, balle ɗan Adam.

Iyayensa nake tausayi. Talaka idan aka ce za a yanka gawar ɗansa don bincike, cewa zai yi a ba shi ya yi masa sutura, ya bar wa Allah. Ban ga laifinsu ba. Amma yafiyar uba ba ta sauke wa hukuma nauyi, dole a kawo wani daga waje ya bincika, a kuma faɗa wa Kanawa abin da aka gano.

Ku kuma masu kai ƙarar bashi wurin 'yan sanda, ku ji tsoron Allah. Rigimar kuɗin kasuwa ce za a juya ta ta koma "cin amana", a kai mutum kotu, a sa sharaɗin beli sai ya kawo babban ma'aikacin gwamnati ya tsaya masa. Mai tura baro a kasuwar Kwari, ina zai samo darakta?