Wai kwastoma Dakta take nema?

Har yanzu raina a ɓace yake kan abin da aka yi wa likitar nan daren jiya a zauren matan Jos na WhatsApp. Duk kun gani. Baiwar Allah ta turo hoton jaririnta ɗan kwana 4, idanu sun yi ruwan ɗorawa, aka yi mata caa: a shanya shi a hantsi, a ɗura masa ruwan gulukos, wata har da sunan saiwa. Dakta ta ce ciwon shawara ne, a kai shi asibiti a auna jininsa, in shawarar ta yi yawa a sa shi ƙarƙashin fitila ta musamman, don tana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Sai wata Hajiya ta ce wai kwastoma take nema.

Haba Hajiya! Wane kwastoma? Matar da ke aikin gwamnati, ko mutum 10 ta duba ko 100 albashinta bai canzawa? Ƙarfe 1 na dare fa ta rubuta, tana bakin aiki. Ko sunan asibitinta ba ta kama ba, cewa ta yi duk wanda ya fi kusa, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) ne ko Plateau Specialist.

Abin da ke kawo likitoci cikinmu ɗaya ne: su ke karɓar yaron in an makara. Su ke ganin sa ya sanƙare, ya ƙi kama nono, uwa na kuka a bakin ƙofa. Wanda ya ga haka sau biyu ba zai iya karanta "a shanya shi" ya yi shiru ba. Kun manta 2014, lokacin Ebola, da saƙon waya ya sa mutane wanka da ruwan gishiri har da sha, wasu suka rasa ransu?

Kar ma a kawo mini zancen wai wasu likitocin neman suna suke yi. To sai me? Gaskiya ta faɗa ko ƙarya? Abokan karatunta nawa suka tafi Ingila da Saudiyya, ita ta zauna, tana amsa mana kyauta da datarta. Dakta, don Allah ki yi haƙuri, kar ki fita. Wallahi muna karantawa, mu masu shiru mun fi yawa.

Af, tunda sanyi ya fara shigowa: masu jego, ku daina kwana da kaskon gawayi a ɗaki kun toshe taga. Hayaƙinsa ba ya wari, a barci yake kashe mutum. Ku ɗumama ɗakin tun da yamma, ku fitar da kaskon waje.