Har yanzu da tafinta muke magana da hukumarmu

Kwanan baya na raka gwaggona wani ofishi a nan Damagaram (Zinder) kan takardar filin da marigayi mijinta ya bari. Tun a bakin ƙofa muka tsaya wurin mai rubuta wasiƙa, wanda ya kafa teburinsa a inuwar dogon yaro. Ta yi masa bayani da Hausa, ya juya zuwa Faransanci, ya karɓi dala ɗari. Ma'aikacin da muka tarar a ciki, da jin gaisuwarsa ka san ɗan gari ne. "Inna, ina kwana? Ya ƙarin haƙuri?" Amma yana ɗaukar biro sai harshe ya juye. Ya karanto sharuɗɗa da Faransanci, ya nuna mata inda za ta dangwala yatsa. Ta waiwayo ta dube ni: "Ɗana, me ya ce?"

Hausawa uku a ɗaki ɗaya, sai da aka nemi tafinta.

Wannan fa bayan sojan Faransa na ƙarshe ya bar Nijar a Disamba 2023 ne, Amurkawa sun kwashe nasu a 2024, an cire sunan De Gaulle daga babban titin Yamai an sa na Djibo Bakary, ɗan gwagwarmayar neman 'yancin Nijar. A Maris 2025 ƙasar ta fice daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, sabon kundin sake gina ƙasa kuma ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Ban raina ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Abin da nake cewa shi ne, mulkin mallaka bai taɓa dogara da bindiga kaɗai ba. Babban makaminsa shi ne ya mai da mutum baƙo a gaban hukumar garinsu, kuma wannan makamin bai bi jirgin sojoji ya tafi ba.

Mu 'yan Damagaram ya kamata mu fi kowa gane haka. Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya kewaye Birni da ganuwa, ya sa an ƙera igwa a cikin garin nan, ayarinsa na kai fata da gashin jimina har Tarabulus (da bayi ma, kada mu yi wa tarihi kwaskwarima). Yana hulɗa da Kukawa da Kano da Larabawan arewa, malaman fadarsa na rubuta wasiƙu da Larabci, amma talaka da ya kawo ƙara da bakinsa yake magana, da kunnensa yake jin hukunci. A 1898 aka kashe Kyaftin Cazemajou, hafsan sojan Faransa, a nan zamanin Amadu Kuran Daga, kuma tare da tafintansa aka kashe shi. Shekara guda bayan haka Faransawa suka ci yaƙin Tirmini suka shiga gari. Daga ranar, mutumin da ya fi kowa ƙarfi bayan kumandan shi ne wanda ke tsaye a gefensa yana juya magana. In ya so ka, ka tsira; in ya ƙi ka, kalma ɗaya ta isa. A 1906 aka tuɓe Sarki Amadu Ɗan Basa bisa zargin makirci aka kore shi daga ƙasa, sarautar ba ta dawo ba sai 1923, sannan a 1926 aka ɗauke babban birni aka kai Yamai.

Da Bature ya ga tafinta ɗaya bai isa ba, sai ya buɗe lakwal, wato makarantar boko. Duk wanda ya yi firamare a zamaninmu ya san sambol, wancan ƙashi ko guntun itace da ake rataya wa yaron da aka kama yana Hausa a aji. Kana ɗauke da shi kana kasa kunne, ko abokinka zai yi suɓul da baka ka sauke masa, don wanda ya kwana da shi zai sha bulalar mushe, wato malamin aji, da safe. Abin da ya fi ciwo, an ci gaba da wannan shekaru da yawa bayan 1960, kuma mushen namu ne, ba Bature ba. Da haka aka raba gari biyu: 'yan lakwal masu ofis da albashi, da sauran jama'a, har da malamin da ya haddace izu sittin yana rubuta ajami, amma a takardar gwamnati sunansa jahili.

Wannan tsagar ce ta fashe ranar Juma'a 16 ga Janairu 2015. Jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta sake buga zanen ɓatanci ga Manzon Allah (SAW), kwanaki kaɗan bayan an ga Shugaba Mahamadou Issoufou a jerin gwanon da aka yi a Paris bayan harin da aka kai wa jaridar. Fushin na gaskiya ne, kuma yana da dalili. Ƙasar da ta hana 'yan mata sa ɗankwali a makarantun gwamnati tun 2004 ita ce ke koya wa duniya cewa zagin abin da wasu ke girmamawa 'yanci ne. Mai ƙarfi shi ke yanke abin da za a kira wayewa da abin da za a kira duhun kai. To amma me muka ƙona? Cibiyar al'adun Faransa da Nijar da ɗakin karatunta, inda 'ya'yan talakawa ke aron littafi, da majami'un maƙwabtanmu Kirista waɗanda ba su zana komai ba. An yi asarar rayuka a Zinder da Yamai. Masu zanen ba su ji ko ƙaurin hayaƙin ba. An kasa jaki an koma dukan taiki.

Yanzu ana ta murnar sababbin abokai, tutar Rasha ta zama ado a babura. Sai dai a duba matatar mai ta SORAZ da ke kan hanyar Tanut, wadda aka buɗe a 2011, mai tace ganga 20,000 a rana: kashi 60 na kamfanin CNPC na Sin ne, 40 namu. A Maris 2025 gwamnati ta sallami manyan jami'an Sin uku daga harkar mai, bisa dalilai da suka haɗa da batun bambancin albashi tsakanin 'yan ƙasa da baƙi. Ashe ba sai wanda ya taɓa mulkarka ne ke iya cin rabonka ba. Ni ban taɓa jin an karanta sharuɗɗan wata yarjejeniyar mai ko yuraniyom da Hausa a rediyo ba, ko ta da, ko ta yanzu. Manomin da bututu ya ratsa gonarsa, tafintoci biyu ke tsakaninsa da mai kamfani.

Akwai masu cewa Hausa ba ta da kalmomin shari'a da kimiyya. Su je gareji su ji yadda bakanike ke bayanin inji, ko Kasuwar Dole su ga yadda ake lissafin miliyoyi tsakanin sefa da naira ba da kalmar Faransanci ko ɗaya ba. Harshe da aiki yake girma. A nan Zinder aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa tun 1973, an haura shekara hamsin ana kiran abin gwaji. Rashin kalma bai hana ba, waɗanda Faransanci ya zama jarinsu ne ba sa son a karya farashinsa. Ni ma ina cikinsu, da shi na ci abinci.

Ƙorafin da ya fi wannan nauyi shi ne na 'yan'uwanmu da ba Hausawa ba. Jihar nan akwai Barebarin Gure, Tubawan Tesker, Buzaye da Fulanin Damargu, gidan sarautar Damagaram ma asalinsa Barebari ne. In tsohuwar Babarbariya za ta shiga ofis ta sake tambayar "me ya ce?", to mun cire sambol daga wuyanmu mun rataya mata ne kawai. Abin da ake buƙata ba shi da wuyar faɗa: takardar fili, ta haihuwa da hukuncin alƙali su fito da harshen da mai su ke ji, Faransanci a gefe, yaro ya fara karatu da harshen uwarsa, ya koyi Faransanci da Ingilishi da Larabci a matsayin darasi, don muna bukatarsu a Dakar da Legas da Jidda.

Takardar gwaggo ta fito bayan mako uku. Ta naɗe ta a leda ta sa a ƙasan akwati. Ran nan ta kira jikanta da ke ajin ƙarshe na firamare ya karanta mata. Ya karanta tiryan-tiryan, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da ta ce to fassara mini, sai ya sosa ƙeya ya ce a jira kawu ya zo.