Akori-kurar Kawu da Birkin da Ke So a Roƙe Shi Sau Uku

Shekara goma sha ɗaya akori-kurar Kawu ta yi tana zaune a kan duwatsu huɗu kafin ya ce in zo in ɗauke ta. Peugeot 404 ce ƙirar 1972, 'yar zuri'ar nan da aka fara ƙerawa a Faransa a 1960. Kawu ya dafa bonet ya ce, "Yaro, wannan motar ko kaza ba ta taɓa bugewa ba. Ƙura ce kawai ke damunta." Na yarda, domin Kawu ba ya ƙarya sai in zancen mota ake yi.

Ni ba makanike ba ne. Jarina sifana shida, jak na aro, da bidiyon intanet da na kalla har idona ya yi ja. A can na koyi cewa in kana son sanin gaskiyar jikin tsohuwar mota, sai ka naɗe maganaɗisu a ƙyalle ka bi ta da shi. Inda ƙarfe yake zai kama, inda aka cike da fila, wato kwaɓin da ake toshe ramin jikin mota da shi, kuwa zai sake. Ya kama ƙofa, ya kama bonet, da na kai shi kafaɗar motar ta dama, saman tayar gaba, sai ya faɗo mini a kan ɗan yatsan ƙafa.

Na sa samfefa mai lamba 80 na fara haƙa. Masu sana'ar sun ce kaurin fila bai kamata ya wuce milimita 6 ba, ni kuwa sai da na nutsa yatsa biyu ban taɓo ƙarfe ba. A ƙasa na tarar da ragar waya, a bayan ragar kuma wani tsumma mai maɓalli uku da aka cusa a ramin da tsatsa ta ci. Na ɗauki hoto na aika wa Kawu. Amsarsa ita ce, "Ikon Allah! Ashe nan rigar nan ta shige."

Gyaran gaskiya shi ne a yanke inda tsatsa ta ci, a liƙa sabon ƙarfe da walda, sannan a shafa fila sama-sama. Sai dai ƙarfen jikin mota siriri ne, kaurinsa wajen milimita ɗaya, shi ya sa ake yi masa walda ɗigo-ɗigo, ana bari yana hucewa don kada zafi ya lanƙwasa shi. Ni na ja layi ɗaya santal. Ramin da na tarar guda ɗaya ne, kafin la'asar ya haifi 'ya'ya huɗu. Nan na fahimci Kawu, na kuma yafe masa. Na mayar da ragar waya, na jawo gwangwanin fila.

Ita ma fila tana da nata halin. Sinadarin da ke daskarar da ita kashi biyu cikin ɗari ake sawa. A karon farko na ce yawa ba ya ɓata abu, na matse rabin robar, kafin in miƙe tsaye ta sandare a kan katakon kwaɓi, da abin shafawar tsaye a tsakiya kamar tuta. A karo na biyu na yi rowa, kwana uku tana danƙo tana kama ƙudaje. Daga baya dai ta zauna. Na goge da 80, na bi da 180, na ƙarasa da 320, ƙura ta mayar da ni dattijo kullum da yamma. Bayan mako shida na fesa mata shuɗin fenti, kuma wallahi ta yi kyau, har tsefe gemu na yi a jikin ƙofarta.

Uwargida ta zagaya ta sau biyu ta ce, "Sannu da aiki, injiniya. To tana tsayawa kuwa?"

Sai a lokacin na tuna mota tana da birki.

Na cire tayoyin baya, na kwance birkin hagu da dama a lokaci guda, alhali ƙa'ida a bar gefe ɗaya a haɗe don a riƙa leƙawa ana kwaikwayo. Kwana biyu na yi da sifirin huɗu a hannu ina tambayar su inda suka fito. Abu ɗaya da na yi daidai shi ne jiƙa ƙurar da ke ciki maimakon hure ta da baki, don tsofaffin layinin birki suna ɗauke da asbestos mai lalata huhu. Na canza robobin masta, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi, na zuba sabon man birki mai lamba DOT 4, saura fitar da iskar da ta shiga bututun man.

Hikimar a nan ita ce ruwa ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. In iska ta maƙale a bututu, ƙarfin ƙafarka a kanta zai ƙare, taya ba za ta ji labari ba. Aikin na mutum biyu ne, ɗaya yana taka birki, ɗaya yana kwance a ƙasa yana buɗe ɗan notin da ke bayan kowace taya, ana farawa da wadda ta fi nisa da masta. Na kira ƙanena, wanda ke ta yi mana kurin ya iya tuƙi.

"Taka!"

"Na taka, Yaya."

"Riƙe!"

"Na riƙe."

Na buɗe noti, ko ɗigo. Muka sake, muka sake, har awa guda. Na ce lallai robobin masta na juya, na fito na kwance ta, na tarar da komai daidai, na mayar. Na dangwarar da robar man a buɗe a kan kafaɗar nan da na sha wuya a kanta, na leƙa ta taga don in ga yadda yake takawa. Yaron nan ya haɗa gumi, ƙafarsa na kan kuloci.

"Me kake takawa?"

"Birki mana, Yaya. Ai shi ne na hagu."

A motar da ba a sa mata giya da hannu ya koyi tuƙi, mai abin takawa biyu, kuma a can gaskiyarsa ce. Na ɗaga hannu zan yi masa bayani da ƙarfi, gwiwar hannuna ta ture robar. Man birki irin wannan yana cin fenti, maganinsa a sheƙa masa ruwa nan take. Ni na ɗauko tsumma na goge, wato na raba shi daidai wa daida a duk faɗin wurin. Kafin mu gama faɗa fentin ya tattare kamar goshin mai fushi.

Muka koma aiki ba mai yi wa wani magana. Taya ta farko ta yi aman kumfa, ta biyu ma haka. A ta uku na manta ban ƙara mai a kofin masta ba, ya ƙafe, ya zuƙi sabuwar iska. Duhu ya fara, bayana ya ƙage. Na shiga na gwada: takun farko ya tafi ƙasa, na biyu ya ɗan tsaya, na uku ya yi tauri. Na ce ai shi ke nan, birki ne mai son lallami.

Washegari na tayar da ita, na sa giya ta ɗaya, na nufi katangar gida a hankali don uwargida ta ga amsar tambayarta. Na taka, ƙafa ta wuce har ƙasa. Na taka na biyu. Na tabbata na ukun zai kama, amma katanga ta riga shi isowa. Na fizgo birkin hannu, ya biyo ni ba gardama, don wayarsa tana can kan benci tun ranar da na kwance ta.

Ba wanda ya ji ciwo. Fila kuwa ta ɓalle gaba ɗayanta, dunƙule guda da ragarta da shuɗin fentinta, ta faɗo ƙasa tim. Uwargida ta ɗaga ta auna nauyinta a hannu, yanzu da ita take tokare ƙofar ɗaki in ana iska.

Da daddare na kira Kawu na kwashe labari na gaya masa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ka cusa tsumma a ciki kafin ka shafa?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To ka gani. Tawa shekara ashirin ta yi ba ta faɗo ba."